Mutanen Siminti a Ƙasan Teku: Tarihin Gidajen Kallo da Suka Zama Gidajen Kifi

Akwai wani hoto da ya daɗe yana yawo a Facebook da WhatsApp, mai yiwuwa ya taɓa faɗowa cikin salularku ko ta ƴaƴanku. Yara ne tsaye a ƙasan teku, sun yi da'ira riƙe da hannun juna, gansakuka ta lulluɓe musu fuska, kifaye na ratsawa ta tsakaninsu. Galibi akan rubuta a ƙasansa cewa abin tunawa ne da bayin da Turawa suka watsa cikin teku. Wasu ma sukan ce gawarwakin ne da kansu suka daskare. Hoton na gaskiya ne, wurin ma yana nan, amma bayanin da ake liƙa masa ya sha bamban da yadda abin ya faro. Tun da ƴan lakwal suna gani suna tambaya, ya kamata mushe a aji da uba a gida su san asalin labarin.

Murjani dabba ne

Mu da muke nesa da teku mun san murjani a wuyan iyayenmu mata. Jan murjanin Bahar Rum yana cikin hajar da fatake suka riƙa ketowa da ita Sahara zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, sunansa kuma ya zo a cikin Suratur Rahman. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, murjani ba dutse ba ne tun asali. Wata ƴar mitsitsiyar dabba ce mai taushin jiki, wadda take gina wa kanta ɓawo da irin sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai da dutsen da ake siminti da shi a Malbaza. A tekuna masu ɗumi akwai danginsa da suke zama dubbai a wuri guda, wasu su mutu wasu su hau kan ɓawonsu su ci gaba da gini, har a samu tudu mai ramuka da lunguna. Shi ne tudun murjani.

Waɗannan tuddai ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suna fakewa ko kiwo ko hayayyafa a cikinsu. Su ne kuma suke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. A cikin jikin dabbar akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita take dafa mata abinci da hasken rana, ita kuma take ba ta launi. In ruwa ya ɗara zafin da aka saba da shi ko da digiri 1 ne, ya kuma jima a haka makonni, sai murjani ya kori gansakukar, ya yi fari fat. In zafin bai sauka ba, yunwa ta kashe shi.

Akwai wani abu guda da duk labarin nan ya rataya a kansa. Ƙwayayen murjani sukan yi ta yawo cikin ruwa suna neman abu mai tauri da za su manne. A kan rairayi ba su kamawa. Ke nan duk wanda ya ajiye abu mai tauri, mai kaushi, wanda ba ya motsi a kan rairayin teku, ya yi musu shimfiɗa.

Yadda mutum ya samu numfashi a ƙarƙashin ruwa

Kafin yaƙin duniya na biyu, mai nutso na sana'a yakan sa ƙaton kwalkwalin tagulla da takalman dalma, ana hura masa iska ta tiyo daga jirgi, kamar akuya a turke. A 1943, lokacin da Jamus take mamaye da Faransa, wani hafsan sojan ruwa mai suna Jacques-Yves Cousteau da wani injiniya Émile Gagnan suka kammala na'urar da ta tsinke wannan igiya. Gagnan ya riga ya ƙera wani ɗan famfo domin motocin da suke aiki da gas saboda ƙarancin mai a lokacin yaƙi. Shi suka gyara ya zama abin da mai nutso yake kamawa da baki, yana goye da tulun ƙarfe cike da iskar da aka danƙara. Famfon ba ya sakin iska sai mutum ya ja numfashi, kuma yana sakinta daidai da nauyin ruwan da ke kansa.

Ga darasi ga mai koyar da kimiyya. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya baki ɗaya. A mita 10 ya ninka na bakin ruwa sau biyu, a mita 20 sau uku. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa mai nutso ita ce kada ya riƙe numfashi yana hawowa, domin iskar da ke huhunsa za ta kumbura ta yi masa rauni. Ta biyu, ya hawo a hankali, domin iskar azot da ta narke cikin jininsa ta fita sannu, kada ta yi kumfa kamar lemun kwalba da aka buɗe da gaggawa. Abin da ke cikin tulun kuwa iska ce irin wadda muke shaƙa, ba oksijen zalla ba.

Fim ɗin Cousteau na duniyar ƙarƙashin teku ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1956. A cikinsa har an nuna mutanensa suna fasa tudun murjani da nakiya domin su ƙidaya kifin da ya mutu, ba wanda ya ga laifin haka a wancan zamani. Daga nan nutso ya zama abin shaƙatawa na miliyoyin mutane, yawansu kuma ya zama wani sabon nauyi a kan murjanin da suke zuwa kallo.

Na farko da aka nutsar, da kuskuren tayoyi

Mutum-mutumin da ya fara shahara a ƙasan teku na Italiya ne. A 1947 wani mai nutso, Dario Gonzatti, ya rasu a ruwan San Fruttuoso kusa da Portofino. Abokinsa Duilio Marcante ya nemi a yi masa abin tunawa, maƙeri Guido Galletti ya zuba siffar tagulla mai tsawon mita 2 da rabi, irin wadda Kirista suke yi wa Annabi Isa, aka saukar da ita zurfin kimanin mita 17 a watan Agustan 1954. Wannan aikin juyayi ne da ibada irin tasu, ba a yi shi don kifi ba.

Ajiye abu a ruwa domin tara kifi kuwa tsohuwar dabara ce ta masunta. Wanda ya taɓa bi ta tafkin Nokoué a bayan Kwatano ya ga rassan itatuwa da aka kakkafa cikin ruwa, waɗanda suke kira akaja. Kifi yakan taru ya ci abin da ya tsiro a jikin rassan, ya ɓuya, ya hayayyafa. Masuntan Japan sun yi ƙarnoni suna nutsar da duwatsu da tsofaffin jirage don haka, daga shekarun 1950 kuma gwamnatinsu ta shiga zuba kuɗi a gidajen kifi na siminti.

Sai dai ba kowane tarkace ne yake zama gida ba. A farkon shekarun 1970, a gaɓar Fort Lauderdale ta jihar Fulorida a Amurka, aka zuba tsofaffin tayoyin mota kusan miliyan 2 cikin teku, da niyyar a rabu da shara a kuma samu kifi. An ɗaure su da igiyar leda da maƙalan ƙarfe. Gishiri ya cinye ƙarfen, tayoyi suka watse, murjani ya ƙi kama jikin roba. Duk guguwar da ta taso sai ta kwashe su ta maka a kan tudun murjani na ainihi da ke kusa. A 2007 sai da aka sa sojoji masu nutso suka fara tsamo su ɗaya bayan ɗaya, aikin kuma ya ci shekaru da kuɗi masu yawa. Faransa ma ta zuba tayoyi 25,000 tsakanin Cannes da Antibes a shekarun 1980, ta koma kwashe su daga 2015. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Giranada bayan guguwar Ivan

Giranada ɗan tsibiri ne a tekun Karibiyan, Faransa ta mulke shi, Ingila ta karɓe a 1763, ya samu ƴancin kai a 1974. Mafi yawan mutanensa jikokin ƴan Afirka ne da aka kai bauta. Ranar 7 ga Satumba 2004 mahaukaciyar guguwar Ivan ta auka masa, ta lalata kusan gida 9 cikin kowane 10, ta karya itatuwan gonakin da ƙasar take ci da su. Murjanin bakin gaɓa ma ya sha duka.

Akwai wani ɗan Ingila da ya zauna a tsibirin, Jason deCaires Taylor, haifaffen 1974, uwarsa ƴar Guyana. Ya karanta sassaƙa a Landan, ya kuma yi shekaru yana koyar da nutso. Shi ya haɗa sana'o'insa biyu. A 2006 ya fara saukar da siffofin mutane na siminti a mashigin Molinere, arewa kaɗan da babban birnin Saint George's, a cikin yankin ruwan da gwamnati ta riga ta killace. Zurfin wurin bai wuce mita 5 zuwa 8 ba, saboda haka mai tulun iska yana iya tsayawa ido da ido da su, mai iyo a sama da gilashin fuska ma yana hango su.

Ya koyi darasin tayoyi. Simintin gini na yau da kullum yana da kaifin da yake ƙona ƙananan halittu, sai ya yi aiki da wani haɗi da aka kashe masa kaifin. Ya bar fatar siffofin da kaushi domin ƙwayayen murjani su samu makama. Ya yi su da nauyi, ya kafe su, ya kuma ajiye su a kan rairayin da babu komai, ba a kan murjani mai rai ba. Yadda ake yinsu shi ne a samu mutum na gaske, a shafe shi da wani abu mai daskarewa a ɗauki zubinsa, sannan a zuba siminti a ciki. Da an saukar, cikin makonni gansakuka take fara rufe su, soso na teku da tsutsotsi su biyo, kifayen da suke kiwon gansakuka su zo, masu cin su su biyo bayansu. Murjani shi ne na ƙarshe, domin wani nau'in bai fi santimita 1 yake ƙaruwa a shekara ba.

Da'irar yaran nan ta 2007 ce, yara 26, ya raɗa mata suna Vicissitudes, wato juyin zamani. Ya bayyana cewa bai yi ta da nufin tunawa da cinikin bayi ba. Abin da ke ransa shi ne yara da yadda wurin da suka tashi yake sauya su. Amma mutanen Karibiyan da baƙaƙen fatar Amurka da suka ga yara a ƙasan wannan teku, ba su ga komai ba sai kakanninsu, kuma suna da dalili. Cikin mutane kimanin miliyan 12 da rabi da aka loda a jiragen bayi daga gaɓar Afirka, kusan miliyan 2 ba su isa ba, teku ne kabarinsu. A 1781 ma'aikatan jirgin Zong na Ingila sun jefa fiye da mutum 130 cikin ruwa da ransu a hanyar Jamaika, masu jirgin suka nemi kamfanin inshora ya biya su asarar kaya. Har da Hausawa cikin waɗanda aka ketarar, tarihin Bahia ta ƙasar Barazil ya ambace su a boren bayi na farkon ƙarni na 19. Abin da za a faɗa wa yaro ke nan, kashi biyu: mai aikin ba haka ya nufa ba, abin da mutane suka tuna kuwa ya faru.

Kankun: a janye jama'a daga murjani

A Kankun ta ƙasar Meziko matsalar yawan baƙi ce. A wancan lokaci gandun ruwan da ke tsakanin birnin da tsibirin Isla Mujeres yana karɓar masu yawon buɗe ido wajen 750,000 a shekara. Wannan ya taka murjani, wancan ya shure shi da takalmin iyo, wani ya ɓalli guntu ya kai gida, ga guguwar Wilma ta 2005 ta ƙara nata. Shugaban gandun, Jaime González Cano, ya ga in ya rufe wurin ya kashe abincin dubban iyalai, in ya bar shi murjani ya ƙare. Sai ya nemi abin da zai ja jama'a gefe. Shi da Roberto Díaz Abraham, shugaban ƙungiyar masu jiragen yankin, suka gayyato Taylor a 2009, aka buɗe gidan kallon da ake kira MUSA a ƙarshen 2010.

Babban aikin da ke wurin taron mutane ne sama da 400 tsaye a zurfin mita 8, yawancinsu zubin mazauna yankin ne, masunta da ƴan makaranta da tsofaffi. Akwai kuma motar Volkswagen ta siminti da aka yi wa ƙofofi da ɗakuna domin ƙaguwa da danginta. Yau siffofin sun haura 500. Lissafin mai sauƙi ne: duk awar da baƙo ya yi yana kallon siminti, awa ce da murjani na ainihi ya huta.

Kwale-kwalen Lampedusa

A Janairun 2017 aka buɗe wani a Lanzarote, cikin tsibiran Kanari na Sipaniya, a zurfin mita 12 zuwa 14. A cikinsa akwai kwale-kwalen roba na siminti ɗauke da mutum 13, mai suna Lampedusa. Taylor ya ɗauko fasalinsa daga zanen Géricault da ke gidan tarihi na Louvre, na jirgin Faransa Méduse da ya kafe a gaɓar Muritaniya a 1816 yana hanyar Senegal, aka bar mutane kusan 150 a kan gadon katako, bayan kwana 13 aka tsinci 15 da rai.

Wannan kam ya shafe mu kai tsaye. Ranar 3 ga Oktoba 2013 jirgin ƴan ci-rani da ya taso daga Libiya ya nutse dab da tsibirin Lampedusa, fiye da mutum 360 suka halaka. A ƙarshen wannan watan aka tsinci gawa 92 a hamadarmu, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Hanya ɗaya ce mai baki biyu, rairayi a nan, ruwa a can. Uban da ɗansa ya fara zancen Agadas da Libiya yana iya nuna masa wannan hoton.

Maganar gunki

Dole wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, mushe, ai waɗannan gumaka ne. Ba shi ya fara tambayar ba. A 2018 Taylor ya gina wani ɗaki na ƙarfe a bakin ruwan wani otal a Maldib, ƙasar Musulmi a tekun Indiya, ya jera siffofin mutane a ciki da samansa. Malamai suka yi magana, shugaba Abdulla Yameen ya ba da umarni, ranar 21 ga Satumba, kwana biyu kafin zaɓen shugaban ƙasa, ƴan sanda suka zo da gatura da igiyoyi suka cire siffofin. Hukuncin sassaƙa surar mai rai na malamai ne, kowa kuma ya san inda zai kai tambayarsa. Abin da tarihi zai ƙara shi ne, kifi bai damu da fuska ba. Tun 1993 ake nutsar da wasu tukwanen siminti masu huji-huji a ƙasashe da dama, suna kuma yin aikin. Surar mutum don idon mutum aka yi ta, domin ita take jawo mai kallo da kuɗinsa da kyamararsa.

Inda gizo yake saƙa

Masana suna da tsohuwar muhawara a kan gidajen kifi na ƙirar hannu: shin suna ƙara yawan kifi ne, ko tara wanda yake warwatse kawai suke yi? In tarawa ce, kuma ba a hana su a wurin ba, to an sauƙaƙa wa mai koma aiki ne, kifin ya ƙare da wuri. Shi ya sa waɗanda suka yi amfani suke cikin ruwan da aka killace ana kuma tsaronsa. Sannan duk gidajen kallon nan in an haɗa su ba su kai ɗigo ba a gefen tudun murjanin da ya taso daga Meziko har Honduras, mai tsawon kilomita 1,000. Babban abin kuma, siminti ba ya sanyaya ruwa. An ga farin murjani a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, a Afrilun 2024 kuma hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da karo na huɗu. Murjanin da ya kama kafaɗar mutum-mutumi yana yin fari daidai da na kan dutse.

Manoman Maraɗi sun san wannan karatun ta wata fuska. An yi shekaru ana dashen itatuwa suna mutuwa, sai da aka koma ga sassaben zamani a shekarun 1980, aka bar kututturan da suke da rai suka tofo, sannan gonaki suka yi duhu. Tsare mai rai ya fi araha, ya kuma fi tabbas, a kan ƙera sabo.

Saboda haka in hoton nan ya sake zuwa, kada a tura shi gaba da bayanin da ya zo da shi, kada kuma a kore yaro da cewa aikin banza ne na Turawa. A ɗauko taswira a nemo Giranada da Kankun da Lanzarote. A kifa kofin gilashi cikin bokitin ruwa a danna shi ƙasa, yara su ga iska tana riƙe wurinta ruwa bai cika shi ba. A tambaye su me ya sa taya ta kasa siminti ya yi, wa ya yi hoton, a ina, a wace shekara, me shi ya ce, me mutane suka ce. Yaron da ya saba yi wa hoto waɗannan tambayoyi, da wuya mai neman kai shi Libiya ya ruɗe shi da hoton mota da bene. Allah ya raya mana su, ya sa mu fi ƙarfin tarbiyyarsu.